Haƙoran Iya Da Sunan Dakarkari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ya kai mai karatu, wannan karon ba labarin soyayya na zo maka da shi ba, don haka wadda ta sayi ɗan littafin nan tana jiran ta ji yadda Alhaji ya tsaya da mota a ƙofar gida, to ta yi haƙuri. Magana ce a kan kalma guda ɗaya da na taɓa yin wasa da ita, ta dawo ta hana ni barci.

A littafina na farko, wanda na buga da kuɗin adashina a 2009, akwai wani maigadi. Ban ba shi suna ba. Duk inda ya fito sai in ce "Badakkaren nan", in sa masa karyayyar Hausa a baki, ya mai da mace namiji, namiji mace, don dai masu karatu su yi dariya. Kuma sun yi. Ni kaina ina rubutawa ina ƙyalƙyatawa. Abin da ban taɓa faɗa wa ko ƙawayena na makaranta ba shi ne, kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, 'yar ƙasar Zuru ce gaba da baya, mijinta ma haka. A Kano aka haifi mahaifiyata, a Kano aka haife ni, sai muka ɗauki wannan asali muka tura ƙarƙashin gado.

Iya ba ta yi boko ba, wata jikarta ce ta riƙa karanta mata littafin bayan sallar isha'i har suka gama. Na je gaishe ta ina ta rawar kai, ina jiran yabo. Ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, littafinki ya yi daɗi, Allah Ya yi albarka. Amma shi maigadin nan, ba a raɗa masa suna ba ne?" Ta ci gaba da jan carbinta. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta rasu a 2014 ban ba ta amsa ba, kuma tun daga nan na shiga tambayar ina kalmar nan ta samo asali.

Amsar da kowa zai fara ba ka ita ce daga "dakare" ne, wato mayaƙin ƙasa wanda ba shi da doki, jam'insa dakaru. Labarin ya koma kan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga hannun Askiya na Songhai wajen 1516 ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame da har yau kufansa na nan a Jihar Sakkwato. Aka ce mutanen duwatsun Zuru su ne dakarunsa, masu kwari da baka da ke shiga gaba kafin barade su sako dawakai, shi ne sunan aiki ya zama sunan ƙabila: Badakkare, Dakarkari, harshensu kuma Dakarci. Da na ji wannan sai na ji kaina ya yi girma. Ashe abin da na mayar abin dariya a ƙofar gidan Alhaji kirarin yaƙi ne.

To amma fa a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Kalmomi suna da yaudara. Shekara nawa muna ji a makaranta cewa "boko" daga kalmar Turanci ta littafi aka samo ta, har muka haddace? A 2013 Paul Newman, Ba'amurken nan da ya ƙarar da rayuwarsa a kan nazarin Hausa, ya fito ya nuna tamu ce tun fil'azal, ma'anarta abin ƙarya ko na yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko ko biri-boko. Kakanninmu da suka ga karatun Nasara sai suka laƙa masa sunan jabu. Haka Kaduna: Bahaushe ya ce jam'in kada ne, Bagwari ya ce a'a, daga kalmarsu ta kogi ce. Kontagora kuma aka ce Nagwamatse ne ya ce wa mutanensa su kwantar da gora an iso masauki. Irin wannan bayani yana da daɗin ji, kuma daɗin nasa ne yake sa ni ɗari-ɗari, don ni marubuciya ce, na san yadda ake ƙulla labari ya zauna daram. Zancen dakarun Kanta ina riƙe da shi a matsayin abin da baki ya gada daga baki, kuma ya fi sauran bayanan da na ji ƙarfi. Abu ɗaya ne ba shi da ja: ko daga ina ta fito, a bakin Bahaushe aka ƙera kalmar. Masu ita ba haka suke kiran kansu ba.

Su a wajensu, mutum ɗaya K'lela ne, jama'ar Lelna, harshen C'lela, ƙasar kuwa A'lela. Ka ga saiwar ɗaya ce, goshin kalmar kawai ke canzawa, abin da malaminmu na Hausa a sakandare yake kira ɗafa-goshi. Mu muna cewa Bakano, Kanawa, Kananci, mu taɓa gaba mu taɓa baya, su kuwa harafi guda a gaba ya isa ya raba mutum da harshensa da ƙasarsa. Tsoffin Hausawa sun ji wannan suna, shi ne suka ce Lilawa. Garin ma masu shi Azugru suke cewa, harshenmu ne ya gajarta ya koma Zuru. Shekara ashirin da wani abu ina zaune da Iya a gida ɗaya, ban taɓa jin kalmar Lelna ba, don ban taɓa tambaya ba.

Kuma da Bahaushe ya ce Dakarkari, buhu ne ya buɗe ya zuba kowa. Masarautar Zuru ƙasashe biyar ce: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. A ciki akwai Fakkawa da Gelawa da Kelawa da Bangawa masu nasu harshen daban da C'lela, akwai Dukkawa, akwai Kambari, akwai Acifawa na wajen Sakaba waɗanda ke kiran kansu Acipu, harshensu Cicipu, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a wurin. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubutu a kansu a 1938, shi ma da sunan Dakarkari ya yi wa aikinsa laƙabi, don ta bakin tafinta Bahaushe Bature ya san ƙasar nan. Masana harshe na yanzu sun haɗa waɗannan harsuna a dangi ɗaya suna ce musu na Kainji, sunan tafkin da madatsar ruwan da aka gama a 1968 ta haifar. Ka ji fa, harsunan da suka girmi Kanta an raɗa musu sunan tafkin da mahaifiyata ta girma.

Kada mu ga kamar mu kaɗai ke yi wa mutane haka. Mun ce wa Gbagyi Gwari, har muka ciro "gwaranci" muka mai da shi sunan maganar da ba ta fita. Mun ce wa Kanuri Barebari, mun ce wa Ibo Inyamurai saboda yadda suke roƙon ruwa a harshensu. Mu ma Bafillace ya ce mana Haɓe, Bayarabe ya ce mana Gambari, kuma ana danganta wannan Gambarin da Kambari, maƙwabtan Zuru. In haka ne, a Ilori da Ibadan da sunan mutanen da muke rainawa ake kiran mu.

A 2018 na roƙi maigida ya bar ni, na bi wani ƙanen mahaifiyata muka tafi, ta Kontagora da Rijau. Abin da ya fara tsayar da ni a kasuwar Zuru ba duwatsun ba ne, ba kuma doya da dawa ba. Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa ta yi dariya, baki buɗe, na ga haƙoran Iya a bakinta.

Bari in koma baya kaɗan. Haƙoran Iya na sama a feƙe suke, masu tsini. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ta yi dariya ba ta kai gefen mayafi bakinta ba. Yaran unguwa in sun so tsokana sai su ce mayya, su ruga. Wanda ya san Kano ya san wannan kalma ba ta wasa ba ce. Akwai yayar mahaifiyata da aka kawo kuɗin gaisuwarta, dangin mijin suka shiga bincike, wata ta je ta ce ai uwar yarinyar ga irin haƙoranta, aka zo aka karɓe kaya. Wannan ne ya sa gidanmu aka daina zancen Zuru.

A ƙauyensu Iya, can ƙasar Dabai, na sami wani ƙanenta da ya rage, tsoho tukuf, muna ce masa Kawu. Na tambaye shi ma'anar fiƙar. Ya yi mamakin tambayar, kamar wanda aka tambaya me ya sa ake kitso. Ya ce ado ne, kuma shaida ce ta an girma. Ana yi yaro na zaune, zafin na ratsa ƙwaƙwalwa, wanda ya yi raki an dinga yi masa gori ke nan. Ya ce a zamaninsu budurwar da haƙoranta ke nan yadda Allah Ya yi su, ita ce ke rufe baki in za ta yi dariya. Na yi shiru. Alama ɗaya, tafiyar yini ɗaya a mota, a nan kyau da jarunta, a can maita. Alhali mu ma da muke dariya, iyayenmu sun rina haƙora da fure da goro har su yi ja, muna yaba wushirya, muna zuwa Makka mu sa a rufe lafiyayyen haƙori da gwal. Iya ma da Allah Ya kai ta aikin hajji a 1998 ta sa nata haƙorin Makka, yana zaune a gefen masu tsinin. Daga nan ta ɗan rage rufe baki, don ta lura idon mutane kan gwal ɗin yake sauka.

Haka zancen tsaga. Yau in yarinya ta ga tsohuwa da zane a fuska sai ta ce ƙauyanci, kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga. Ni ma ba zan kai 'yata gaban aska ba. Amma kafin a yi katin shaida, fuska ce katin. Bagobiri da nasa, Bakabe da nasa, Bazamfare da nasa, ga bille ga kalangu ga 'yar baka, wanzami ne magatakarda. A ƙasar Zuru abin ya wuce ado. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864, kuma daga shi har ɗansa Ibrahim, wanda Turawa suka ci da yaƙi a 1901, hare-haren kamun bayi ba su bar ƙasashen Kambari da Dukkawa da Dakarkari sun huta ba. Shi ya sa tsoffin garuruwan suke bisa duwatsu, inda doki ba ya hawa. Kawu ya ce in an kama yaro aka yi nisa da shi, harshe zai manta, suna za a canza masa, amma zanen fuskarsa na nan, ko bayan shekara ashirin wani fatake zai gan shi a wata kasuwa ya kawo labari gida. Na san wannan magana ba ta yi wa wasunmu daɗi, don masu harin da sunan addininmu da harshenmu suka zo. Tarihi ne, ba ni na yi shi ba. Abin baƙin ciki, a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sake tayar da ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba, a watan Maris na 2022 kaɗai an kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a yankin Sakaba, jikokin waɗanda suka sauko daga dutse suna neman wurin gudu.

Kawu ya sa jikansa ya hau da mu tsohon kufai. Nan na ga kaburbura da aka kewaye da duwatsu, da fasassun katanga na tukwane a kai. Ya ce a da kabari yana magana. Wanda ya mutu yana babban maharbi, ko gwanin kokawa, ko manomin da ya gagara, ko mai sarauta, ana ɗora masa tukunya ta musamman mai siffa a kanta, wata giwa, wata dabbar daji, wata mutum. Baƙo in ya zo wucewa ba sai an gaya masa wane ne a kwance ba. Kuma mata ne ke gina su, wasu gidaje ƙalilan, uwa ta koya wa 'ya. Wannan ya tsaya mini a rai, a ce a ƙasar da ake yi wa kirari da mazaje, hannun mace ne ke rubuta tarihin namiji, da yumɓu. Ba ina cewa a koma ɗora gumaka a kan kabari ba ne, Allah Ya tsare mu da shirka. Amma karanta abu daban, bauta masa daban. Masu kyan cikinsu yanzu ba sa nan, dillalan kayan tarihi sun kwashe, suna gidajen ajiye kayan tarihi da ɗakunan masu kuɗi a Turai da Amurka, an rubuta Dakarkari a ƙarƙashinsu, babu sunan mamacin, babu na wadda ta gina. Da jikan Kawu ya nuna mini hoton wata a wayarsa, sai maigadina ya faɗo mini a rai.

Sai golmo. Duk wanda ya zauna da mutanen Zuru ya ji wannan kalma. A al'adance saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa surukinsa noma, shi da ƙungiyar tsaransa, damina bayan damina har shekara bakwai. A bikin Uhola, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, ake fito da samarin da suka isa shiga. Da na yi dariya na ce wannan ai bauta ce, wata 'yar Kawu, Kirista ce, don a Zuru gida ɗaya za ka sami mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suna ci a kwano ɗaya, ta ce mini, "Yaya, Yakubu ma shekara bakwai ya yi wa surukinsa kiwo." Na tuna mu ma a suratul Ƙasas Annabi Musa, alaihis salam, aikin shekara takwas ko goma aka yanka masa. Na kama bakina. Mu da muke auna miji da yawan akwati, mun manta "lefe" sunan ɗan kwandon kaba ne da ake zuba 'yan zannuwa a ciki, kafin ya zama fantimoti, ya zama saitin akwatunan da ke sa samari gudu.

Kakana ya yi damina biyar a golmon Iya aka ɗauke shi soja, lokacin yaƙin Hitila. Yana cikin waɗanda aka kai Bama, ya dawo a 1946 ya ƙarasa biyun da suka rage. Ranar da ya shiga, magatakardan bariki ya kasa rubuta sunansa na gida, sai ya ba shi na Hausa ya liƙa masa Zuru a baya, da shi ya karɓi albashi, da shi ya musulunta, da shi aka yi masa sallah. Hausa ce harshen bariki tun rundunar da Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda ake kira da sunan Hausawa ko da wane ne a ciki. A bakin irin su kakana ne kalmomin Turawa suka narke suka zama namu: soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki, fareti. Wato mutumin da na yi wa dariya don Hausarsa ta karye, da shi aka ƙera wani yanki na Hausar da nake rubutu da ita. A Kudu in ya sauka da kaki Bahaushe ne, a Kano in ya tsaya a ƙofar gida Badakkare ne.

Kuma ƙasar ba ta daina ba da sojoji ba. Laftana Janar Ishaya Bamaiyi ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Manjo Janar Tanko Ayuba ya yi gwamnan Kaduna daga 1990 zuwa 1992. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ya yi gwamnan Bauci daga 1984 zuwa 1985 kafin ya hau gadon sarauta, ya rasu a watan Agusta na 2025. Dubi sunayen ma: Tanko, namijin da aka haifa bayan mata, Bamaiyi, ba mai yi sai Allah, Hausa tsantsa. Amma shi Sarki laƙabinsa Sami Gomo na Biyu, kuma gomo a C'lela sarki ne. Ya ajiye kalmar gida a saman rawani inda kowa zai gani. Ita ƙasar kuwa an yi ta yawo da ita a takarda, daga lardin Kontagora zuwa lardin Neja, a 1976 aka mai da ta Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanka Jihar Kabi da ita a ciki. In zancen Kanta gaskiya ne, dakaru sun koma wa tsohon ubangidansu bayan shekara ɗari huɗu da wani abu.

Kafin mu taso na tambayi Kawu ko sunan Dakarkari yana ɓata musu rai. Ya ce ya danganta da bakin da ya fito. In tsohon soja ya faɗa yana bugun ƙirji, kirari ne. In matar gida ta faɗa tana kiran yaron aikinta, to ka san abin da take nufi. Sa'an nan ya faɗa mini sunan kakana na gida, wanda aka bari a ƙofar bariki. Sai da ya maimaita sau uku kafin harshena ya iya, yara na ta dariyar gwarancina. Na rubuta a bayan takardar mota.

Bara da na tashi sake buga littafin nan nawa na farko, na ce a cire "Badakkaren nan" duk inda yake, wuri goma sha ɗaya ne na ƙirga, a sa wannan suna. Mai ɗab'in ya ce, "Hajiya, sai an sake faranti fa, kuɗi ne, kuma wa zai lura?" Na ce ya sake. Ya dubi takardar ya juya ta, ya ce to yaya ake karanta shi, na karanta masa.